Malam Tela da Akushin Mai Masauki

Kakanku dai, tunda aka kai ni gidansa, wuri uku na san ana samunsa. Ko ƙafarsa na kan keken ɗinki, ko yana masallaci, ko ya tafi filin jirgi tarbo wani baƙon da ko sunansa bai gama riƙewa ba. Ni Malam nake ce masa. Mutanenmu na unguwar Darrasa Tela suke cewa, sai ka ce shi kaɗai ne tela a duk Alƙahira. Su kuwa Misirawa da ba su san kara ba, sai su kama sunan gatsal, wai Ammu Sabo. To na faɗa. Ke Raliya, kada in ji kin kai masa.

Karatu ya kawo shi ƙasar nan daga can wajen Gumel. Ya yi karatun, ban ce bai yi ba, amma allura ta fi littafi kama hannunsa. 'Yan'uwansa ɗalibai sai su kawo riga ta yage, wando ya ɓarke, yana gyara musu, har wani tsohon Bamisire ya ba shi kusurwar shago a wani lungu bayan masallacin Azhar. Daga nan karatu ya ce sai wata rana. Da ya ga ya tsaya da ƙafarsa ya koma gida ya ɗauko ni. Na zo ban san Larabci ba sai na salla.

Gidanmu na Darrasa ɗaki biyu ne da falo, amma ni ban taɓa ganin ƙasan falon nan ba, kullum tabarmar wani na kai. Ɗalibi sabon zuwa, mai sarin jallabiya daga Maraɗi, wanda aka kawo asibiti, duk sai a ce ku je gidan Tela. Kuma yana da dokarsa, yadda ya tashi ya ga ana yi a gidansu. Baƙo ba ya ɗora tukunya. Baƙo ba ya sayen abinci. Baƙo ba ya fita gari sai mai masauki ya zo da safe ya gaishe shi, ya ajiye masa akushi, sannan ya sa shi gaba ya nuna masa hanya. Akwai wani Badamagare da ya taɓa sayo gurasa da wake a titi ya ɓoye ƙarƙashin matashi. Da Malam ya gani sai ya shigo kicin jikinsa a sanyaye, wai, "Batulu, me ya sami tuwonki?" Na ce tuwona lafiyarsa lau, mutumin ne kwaɗayi ya kama. Bai yarda ba. Ya yini yana cewa an zage shi a gidansa.

Da haya ta yi tsada muka dawo nan Ainu Shams. A nan ne na haɗu da jarabata, Ummu Osama, maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon tamu. Mutuniyar kirki ce, amma duk lokacin zafi sai ta tafi masyaf. Kun san shi ai, ku da aka haifa a nan: a kulle gida, a kwashi yara da tukwane, a tafi bakin teku a kama ɗaki a yi ta zama. Sai ta dawo ta yi baƙi ta kusa kamo ni, da kwalin alewar Dumyat a hannu, ta tsaya bakin ƙofata.

"Ya Hajja Batulu, ku ina kuka je bana?"

In ce, "Mun je filin jirgi."

Ta yi ta dariya har tana dafa bango. Ta ce ruwan gishiri ne maganin gwiwar nan tawa. Ni ba don gwiwa ba ma. Na zauna a ƙasar nan har na yi jikoki, teku sai dai ta tagar jirgi, shi ma gajimare ya rufe rabi. Abin da nake so kawai in sa ƙafata a ciki sau ɗaya, in ji yadda yake.

Da na yi wa Malam maganar sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Wa ya rasu a can?"

Na ce babu.

"Wa ya haihu?"

Na ce babu.

"To wa muka sani?"

Na ce teku. Ya mai da tabaransa ya ci gaba da ɗinki.

Ashe abin nan yana da tushe. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya tafi hajji yana saurayi, zamanin Turawa. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya biyo kogi yana aikin ƙarfi har ya faɗo ƙasar nan, ya yi bazara ɗaya a Rasul Barr, inda Nilu ke shiga teku. Ya ce lokacin babu gini sosai a wurin, rairayi ne. In zafi ya zo sai a kafa itace, a zagaye da tabarmin kara irin zanarmu, a yi rufi. Shi yana cikin masu ɗaurin. Sai ka ga manyan Alƙahira masu jar dara sun sauko daga jirgin ruwa da kukunsu da barorinsu da gadajensu, har da garmaho, sun baro gidajen dutse, sun biya don su kwana a bukka. In zafi ya wuce a kwance komai a naɗe, wurin ya koma fili. Da tsohon ya koma Gumel yana ba da labarin, ba wanda ya yarda. Wai in ƙarya zai yi ya yi mai kan gado. To Malam da wannan ya tashi. Shi a wurinsa duk mai gida da zai biya ya kwana a gidan wanda bai sani ba, addu'a yake bukata.

Baffanku Tanimu ne ya samo dabara, lokacin yana tuƙi a wani ofis a Dokki. Ya kama mana ɗakin haya a Rasul Barr ta waya wurin wani Fadl, ya biya abinsa, sannan ya zo ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, akwai wani abokina, Fadl sunansa. Kullum ina ba shi labarinka. Ya rantse sai kun je gidansa kai da Inna."

Malam ya ɗago kai. Ya ce, "Rantsuwa ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"To ai ba a sa mutum kaffara."

Ni dai ina tsintar shinkafa, ban ɗaga kai ba.

Sai shirin tsaraba. Kilishi, yaji, zuma, turaren wuta. Ya ce zai ɗinka wa Fadl jallabiya, ya tambayi Tanimu tsawonsa da faɗinsa. Tanimu da bai taɓa ganin mutumin da ido ba ya ce, "Matsakaici ne, Baba." Ni kuma na ƙulla 'yar shinkafa da mai da albasa na cusa ƙasan jaka. Malam ya bi ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙasa.

"Gidan mutum za mu da tukunya? So kike a ce daga ina muka fito?"

Dabino kaɗai ya tsira. Tanimu kuma aiki ya riƙe shi, ya sa mu a mota ya ɗaga mana hannu yana murmushin nan nasa na rashin gaskiya.

Muka isa. Babu zana ko ɗaya, gine-gine ne farare a jere. Malam ya leƙa ta taga ya ce, "Ashe sun yi hankali." Amma na ga kamar bai ji daɗi ba.

Sai ga Fadl a kan babur. Matsakaici! Mutum ne kamar randa, waya a manne da kunne. Ya hau da mu bene, ya murɗa famfo, ya kunna fanka, ya miƙa wa Malam makulli ya ce, "Tamam?" wato komai daidai. Malam ya gyara tsayuwa ya soma gaisuwa, ina iyali, ina yara, yaya mahaifa. Bai kai kan mahaifan ba muka ji ƙarar babur a ƙasa.

Malam ya gyaɗa kai. "Mutumin kirki. Ya tafi ya sa a ɗora girki."

Ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗauki kujera ya zauna a baranda yana fuskantar hanyar da babur ya bi. Ni kuwa ga teku ina jin kukansa, ina jin warinsa. Tsakanin gidaje biyu ma ina hango wani ɗan tsiri shuɗi kamar an shanya zane. Mutane na wucewa da laima da kankana, yara da robar iyo a wuya.

Na ce, "Malam, mu ɗan taka mu dawo."

"In ya zo da akushi ya tarar ba mu nan fa?"

Muka zauna. Aka yi la'asar, aka yi magariba. Muka ci dabino. Na kalli jakar kilishi, ya jawo ta ya sa ƙarƙashin kujerarsa.

Gari ya waye, ya sake sa rigar, ya sake komawa baranda. Mai gurasa da wake ya zo wucewa yana kira. Na jira Malam ya ta da sallar walaha, na ɗaura kwando a igiya na zura ta tagar baya yadda matan nan ke yi, na jawo abina, na ci a tsaye bayan ƙofa. A ranar na yafe wa Badamagaren nan. Na so in rage wa Malam, to in ce daga ina? Na shiga banɗaki na kira Tanimu ina raɗa. Ɗan nan ya yi dariya har yana tari.

"Inna, don Allah kada ki faɗa masa haya ce. Wallahi yanzu zai nemi mota."

Gaskiyarsa kuwa. In na faɗa, mu koma Alƙahira ban taɓa ruwa ba. In na yi shiru, mu zauna muna kallon hanya. Kuma kwanakin da aka kama ba su da yawa.

Shi ko Malam ba ya ganin laifin mai masauki. Wai wataƙila rasuwa aka yi musu. Wai ko matar ce ke naƙuda. Yana zaune cikinsa na ƙugi ina ji, ya zaro allura daga hula ya farke jallabiyar nan, ya ƙara mata ƙyalle gefe da gefe. Kallo ɗaya ya yi wa mutumin amma ya auna shi tsaf.

Da ya cije zare sai ya miƙe. "Ba lafiya ba. Mutum ba zai yi rantsuwa ya ɓace haka ba. Tashi mu je mu duba shi."

Ya saɓa jakar tsaraba, ina binsa a baya ina ta salati a zuci. Muka yi ta tambaya. Kuma duk inda aka nuna mana, teku na bayanmu. Daga ƙarshe muka same shi a wani shagon shayi, ya baje cikin abokansa suna buga domino, lafiyarsa garau.

Malam ya yi sallama ya kama hannunsa da hannu biyu. "Alhamdulillahi. Ya Ustaz Fadl, ka tsorata mu."

Fadl ya ce, "Ruwa ne ya ɗauke?"

"A'a."

"Fanka?"

"Komai lafiya. Kai ne ba mu gani ba. Na ce wa mai ɗakina mai masaukinmu ba zai bar mu haka ba sai da dalili."

Ya buɗe jaka ya shiga jera kaya a kan teburin domino. Zuma, kilishi, turare. Ya warware jallabiya ya kara a kafaɗar mutumin, ta zauna daidai kamar a jikinsa aka yanka. Abokansa suka ajiye domino. Sai wani tsoho mai shan shisha ya cire bututu daga baki.

"Ya Hajj, me kuka ci tunda kuka zo?"

Malam ya sunkuyar da kai, don ba ya son tona asirin mai masauki. Ya ce, "Dabino, alhamdulillahi."

Kai! Shagon nan ya ɗauka. "Dabino, ya Fadl! Baƙi daga Alƙahira, dattijo da matarsa! Haka uwarka ta koya maka?" Wani ya ce a ɗauki jallabiyar a ba shi, shi zai ciyar da su. Na ga Fadl ya buɗe baki, na san maganar haya ce za ta fito. Ina bayan Malam, na zare masa ido, na sa yatsa a leɓe, na girgiza kai, har na haɗa hannu ina roƙo. Ya dube ni, ya dubi Malam, ya dubi jallabiya. Sai ya mari goshinsa.

"Ma'alish ya Hajj. Laifina ne. Yalla!"

Na ce Allah ya kawo ƙarshen wahala. Ashe somawa aka yi.

Ya samo mota ya zuba mu, muka bar garin gaba ɗaya. Gonaki, shanu, bishiyoyin dabino, har ƙauyensu. Uwarsa ta fito, wata 'yar tsohuwa mai ƙarfin murya, da ta ji labarin dabino ta cire silifa ta bi shi da shi tsakar gida, ƙato da shi yana kakkarewa. Matarsa Amani ta yanka agwagwa ta cusa mata albasa, ga kifi, ga shinkafa. Malam ya ci ya yi gyatsa ya dube ni.

"Ba na gaya miki ba?"

Daga ranar Fadl ya zama mai masauki na gaske, har ya wuce gona da iri. Kullum da safe sai ya iso da akushi, sanye da jallabiyar. Mu karya, ya kwashe mu. Yau gidan kawunsa mai sassaƙa kujeru, gobe gidan surukansa, jibi wata gwaggo da ta ji labari ta ce ita ma sai an kawo mata mu. Malam kuwa ya sami duniya. Ya gano wani tsohon keken ɗinki a ɗakin Amani, ya zuba masa mai, ya zauna. Duk wani wando mai ɓaraka a ƙauyen nan sai da ya zo gaisuwa. Har yau in salla ta zo sai ya ɗinka jallabiya ya aika wa Fadl, kuma duk shekara sai ya ƙara faɗi.

Ni fa? Ina zaune ina cin agwagwa. A baranda ko ba komai ina hango tsirin nan. A ƙauye sai kwaɗi.

Ranar da mota za ta zo ɗaukarmu, da hantsi muka je sallama. Ina kicin ina taya Amani ɓare tafarnuwa, sai na yi tunani. Mutumin nan ba ya jin maganata, amma ba ya tsallake ta mai masauki. To me ya hana in bi ta can? Na haɗa 'yan Larabcina na kasuwa na ce mata ni fa ban ga teku ba.

Ta saki wuƙa ta daki ƙirji. "Ba ki ga me ba?"

Ta fita da gudu tana kiran mijinta da surukarta. Na ji tsohuwa na neman silifa. Can sai ga Fadl ya tsaya kan Malam, yana haki.

"Ya Hajj, tashi. A garinmu ba ma sallamar baƙo bai ga ruwa ba."

Malam na tsakiyar kafa aljihu. Ya dubi ɗinkin, ya dube ni, na mai da ido kan tafarnuwa. Ya ce, "To, tunda al'adarku ce."

Raliya, ashe abin nan ba shi da ƙarshe. Na tsaya na rasa ta inda zan soma kallo. Amani ta kama hannuna na dama, tsohuwa ta kama na hagu, muka shiga da kayanmu da mayafanmu. Sanyi ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Rairayi na zamewa ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Wani ruwa ya taso ya buge mu, mu duka muka zauna daɓas, na sha na ƙoshi, gishiri har hanci. Tsohuwa na zagin tekun, ni ina dariya ina tari. Gwiwa dai ba ta warke ba, gara in faɗi gaskiya.

Malam yana can nesa kan busasshen wuri, ya rungume takalmanmu duka a ƙirji kamar mai gadin masallaci.

Ban daɗe da zama ba sai na ji hon. Direban da Tanimu ya aiko ne, ya bi mu har bakin ruwa, ya fito yana nuna agogo yana ɗaga murya wai hanya za ta cushe. Raina ya ɓaci. Na soma yunƙurin tashi, sai na ga Malam ya waiwayo ya dube ni. Ya ajiye takalman a hankali, ya taka wurin direba, ya kama hannunsa da hannu biyu.

Daga inda nake ba na jin abin da yake cewa, amma na san tsarin. Ina gida. Ina yara. Yaya mahaifa. Direba na ja, Malam na riƙe. Na koma na zauna abina ruwa na dukan bayana. Amani da ta fita ta dawo tana riƙe ciki, ta ce ya gama da dangin uba ya shiga na uwa, yanzu yana tambayar lafiyar surukan direban ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka yi wa aikin ido. Bai saki hannun bawan Allahn nan ba sai da ya ga na fito don kaina, yatsuna sun yi yaushi, zane na zuba.

Haka na shiga mota a jiƙe. Muka kama hanya. Sai can Malam ya miƙo hannu ta gabana ya murɗa gilashi ya rufe.

"Matsa daga tagar nan," ya ce, "kada iska ta kama ki."